An bar jaki ana dukan taiki: faifan saba da aka ce ya mutu, sau da yawa waya ce ta saki

Abin yakan fara ne da safe. An tayar da janareta, an kunna saba, wato babbar kwamfutar nan da wasu ke kira uwar garke, wadda sauran kwamfutocin ofis ke ɗibar bayanai daga cikinta. Sai ta tsaya da baƙin allo tana cewa ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Wani lokacin ta tashi lafiya, a yi awa biyu ana aiki, sai fitilar gaban ɗaya daga cikin faifan ajiya ta koma ruwan ɗorawa, komai ya riƙa ja kamar an ɗaure masa ƙafa. A kira mai gyara, ya leƙa, ya kashe ya kunna, sannan ya yanke hukuncin da kowa ya saba ji: had-dis ya mutu, sai an sayo sabo.

A Kano ko Legas wannan hukunci ba ya wuce a aika yaro kasuwa. A Tambuwal kuwa tafiya ce ta kusan kilomita 100 zuwa Sakkwato, ta Shagari da Bodinga, kuma babu tabbacin za a samu irin faifan da ake nema idan an je. Idan faifan saba ne na musamman, sai an yi waya Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja, a jira mota. Wanda ke Kebbe, ko can cikin Kuchi ko Fakku, nisansa ya ƙaru. A cikin kwanakin jiran nan, makarantar da sakamakon ɗalibanta ke cikin na'urar, ko asibitin da ya fara ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, ko shagon buga takardu da ke riƙe da aikin mutane, ko gidan man da kyamarorinsa ke naɗar hoto a faifai, kowa ya koma biro da takarda ko ya zauna hannu rabbana.

Abin takaicin shi ne, a lokuta masu yawa faifan lafiyarsa ƙalau. Wayar da ta haɗa shi da babban allon kwamfuta ce ta ɗan saki, ko ƙura ta shiga bakinta, ko wayar wutarsa ta yi sako-sako. Gyaran minti goma ne ake mayar da shi na mako guda. Kuma wannan ba laifin ƙarancin ilimi ba ne kaɗai. Akwai hannun yadda ake biyan masu gyara a ciki.

Ba zato ba ne, an ƙirga

A shekarar 2008 masu bincike daga Jami'ar Illinois ta Amurka, tare da kamfanin NetApp mai ƙera manyan ma'adanan bayanai, sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan rahotannin na'urori kusan 39,000 masu ɗauke da faifai kusan miliyan 1.8, na tsawon wata 44. Tambayarsu ɗaya ce: idan ma'adana ta samu matsala, faifai ne ke da laifi? Suka gano cewa mutuwar faifan kansa ita ce sanadin kashi 20 zuwa 55 cikin 100 na matsalolin, gwargwadon irin na'urar. Abubuwan da ke haɗa faifai da kwamfuta kuwa, wato wayoyi da soket da allon da faifan ke toshewa a jiki da hanyar wuta, su ne sanadin kashi 27 zuwa 68.

A lura da inda aka yi wannan ƙirge: ɗakunan da ke da sanyin iyakwandishan dare da rana, iska tatacciya, wuta ba ta ƙiftawa, ba wanda ke ɗaukar na'ura daga nan zuwa can. Idan a irin wannan wuri haɗi na cin amana haka, me za a ce game da sabar da ke zaune a kan benci a wani ɗaki a Dogon Daji, taga a buɗe, janareta na ruri a bayan bango?

Masana kimiyya ma abin bai bar su ba. A watan Satumba na 2011 wata tawaga mai suna OPERA ta sanar da cewa wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ake harbowa daga cibiyar CERN da ke kusa da Janiba zuwa ɗakin binciken Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, suna isa da wuri fiye da yadda haske zai isa, da tazarar kusan kashi 60 cikin biliyan ɗaya na daƙiƙa. Da haka ne, da ka'idar Einstein ta shiga uku. Duniya ta ɗauka. A watan Fabrairu na 2012 aka gano babban dalilin: wata wayar gilashi da ke kai saƙon lokaci daga na'urar GPS zuwa agogon gwajin ba a murɗa ta ta zauna sosai ba. Wata guda bayan haka shugaban tawagar, Antonio Ereditato, ya ajiye muƙaminsa. Saboda haka mai gyaran da ya fara da duba waya ba ƙasƙantar da kansa ya yi ba.

Me ya sa wayar ke saki a nan

Wayar SATA, wadda ita ce a yawancin ƙananan saba da kwamfutocin tebur da na'urorin naɗar hoton kyamara, abu ne mai rauni tun daga ƙira. Bakin da ke ɗaukar bayanai haƙora 7 ne, na wuta 15, dukkansu siraran ƙarfe kwance a kan ɗan harshen roba. Ƙa'idar ƙirar ta ɗauki cewa za a zare a mayar sau 50 ne kawai a rayuwar bakin. Masu arha ba su da ɗan maƙallin ƙarfen da ke cewa ƙas idan an tura, saboda haka matsewar roba kaɗai ke riƙe da su. Ta cikin wannan haɗi ne bayanai ke wucewa da gudun gigabit 6 a daƙiƙa. A irin wannan gudu, ba sai waya ta fita gaba ɗaya ba. Ta ɗan ja baya kaɗan ko ta karkace, saƙo ya fara isa a gurɓace.

Sai a haɗa wannan da yanayin kudancin Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a waje, cikin akwatin kwamfuta kuma ya fi haka. Na'urar da aka ƙera don ta kwana ta wuni a kunne ana kashe ta kullum, wani lokacin sau uku ko huɗu a rana, tsakanin wutar kamfanin Kaduna Electric da janareta da inbata. Duk kunnawa ƙarfe da roba su buɗe, duk kashewa su tsuke. Wata da watanni a haka, abin da aka toshe da kyau yana rarrafowa waje da kansa. Hunturu ya zo da ƙurarsa mai laushi kamar garin alkama, fankokin saba su zuƙe ta su cusa a kowane lungu. Damina ta zo da laima ta mayar da ƙurar ɗanko a kan haƙoran soket. Ga girgiza. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana kewayawa sau 120 a kowace daƙiƙa, kuma ba ya son motsi ko kaɗan. A 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya nuna a bidiyo cewa ihu kawai da ya yi a gaban jerin faifai ya sa aikinsu ya yi jinkiri nan take. Balle janaretan da aka ajiye a kan daɓen siminti ɗaya da na'urar.

Sannan akwai tarihin na'urar kanta. Yawancin Dell PowerEdge da HP ProLiant da ke shigowa ƙananan garuruwa na hannu ne. Sun yi shekarunsu a Turai ko Amurka, sun hau jirgin ruwa, sun sauka Legas, sun hau babbar mota zuwa arewa, sannan bayan ƙaramar mota, wataƙila ƙarshen tafiyar a kan babur. Ba kasafai ake buɗe su a bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya ba kafin a fara loda musu bayanai. An kunna ta tashi, shi ke nan.

Na'urar na faɗin inda ke mata ciwo

Abin da ya sa hukuncin "ya mutu" ba shi da uzuri shi ne, faifai na riƙe da kundin lafiyarsa a cikinsa, kuma karanta shi kyauta ne. Sunan tsarin SMART. A kan Windows manhajar CrystalDiskInfo na nuna shi. A kan Linux akwai smartctl. Jeri ne na lambobi, kowace da abin da take ƙirgawa, kuma ba sai an haddace su duka ba.

Lamba 5 na ƙirga gurabun da suka lalace a jikin faifan har ya ƙaurar da bayanansu zuwa wani wuri. Lamba 197 na ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda za ta kaya. Lamba 198 kuma waɗanda suka gagara. Idan waɗannan suna hawa, ciwon a jikin faifai yake, ba kuma wayar da za ta warkar da shi. Amma lamba 199, wadda wasu manhajoji ke rubutawa C7, daban take. Tana ƙirga sau nawa saƙo ya taso tsakanin faifai da allo ya isa a gurɓace. Idan 5 da 197 da 198 duk sifili ne, 199 kuma ta kai ɗaruruwa ko dubbai tana ƙaruwa, to hanya ce ta lalace, ba rumbu ba. Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: lamba 199 ba ta komawa sifili ko an gyara. Faifan da ya taɓa zama da mugunyar waya shekara uku da suka wuce zai ci gaba da nuna tsohon adadin har ƙarshen rayuwarsa. Abin dubawa shi ne ko tana ƙaruwa, don haka a rubuta ta yau a sake dubawa gobe.

Faifan SAS, irin na manyan saba, ba su da lamba 199, amma suna da nasu ƙirgen na kurakuran layi, kuma smartctl na iya fito da shi. Sabar Dell na da iDRAC, ta HP na da iLO. Dukkansu suna ajiye rahoton ranar da lokacin da kowane faifai ya ɓace da lokacin da ya dawo. A Windows, kundin Event Viewer na nuna lamba 129 ko 153 idan kwamfuta ta yi ta kiran faifai bai amsa ba, 157 idan ya ɓace ba sallama, lamba 7 kuwa idan an ci karo da gurbi marar kyau a jikinsa. A Linux, idan dmesg na ta maimaita cewa ya sake tayar da layin, sannan ya rage gudu daga gigabit 6 zuwa 3 ko 1.5, wannan ma alamar hanya ce.

Akwai kuma alamun da ba su buƙatar manhaja, sai lura. Faifan da ke mutuwa sau da yawa a hankali yake mutuwa, kuma shi kaɗai: wani fayil ya ƙi buɗewa, gobe wani, wani lokacin da ƙarar ƙyas-ƙyas. Matsalar waya kuwa tana da lokaci da dalili. Tana zuwa bayan an matsar da na'ura don shara, ko da rana tsaka idan zafi ya kai, ko daidai sa'ar da aka sauya wuta. Kuma idan faifai huɗu da ke jere suka ɓace a daƙiƙa ɗaya, babu wani dalilin zargin su. A sabar da ke da gurabu takwas, sau da yawa wayoyi biyu ne masu faɗin baki, irin su SFF-8087 ko SFF-8643, ke tasowa daga katin RAID zuwa allon bayan faifan, kowace na ɗauke da layi huɗu. Faifai huɗu ba sa haɗa baki su mutu tare. Waya ɗaya ce ta saki.

Na'urorin kyamara na Hikvision da Dahua da ire-irensu, waɗanda su ne "saba" mafi yawa a shaguna da gidajen mai, suna da tasu cutar: adaftar wuta mai bolt 12 idan ta tsufa takan iya kunna allo amma ta kasa juya faifai. Allon talabijin ya ce babu faifai, a je a sayo sabo, shi ma ya ƙi. Adafta ce tun farko.

Amma ba a ce a shiga girgiza wayoyi ba

A nan ne wanda ya ji rabin magana ke yin gyaran gangar Auzinawa. Ya ji an ce waya ce, sai ya buɗe akwati na'ura na kunne, ya riƙa taɓa wannan yana zare wancan. Idan faifai ɗaya ne a kwamfutar, wataƙila ya tsira. Idan RAID ce, zai iya kashe abin da ya zo ceto.

Dalilin kuwa shi ne, RAID 5, wadda ta fi yawa a tsofaffin saba, tana jure rashin faifai ɗaya ne tak. Idan ɗaya ya riga ya fita saboda waya, sauran na tafiya ne a gurguje. Mai gyara ya zare wani daban bisa kuskure, ko hannunsa ya bugi wayar maƙwabcinsa, sun zama biyu, rumbun gaba ɗaya ya rufe. RAID 1 da ke da faifai biyu masu kwafin juna ita ma ɗaya take jurewa. RAID 6 ce ke jure biyu. Sannan ko an maido da faifan da ya fita, katin zai fara sake gina shi, aikin da ke tilasta wa sauran faifan karanta kowane gurbi nasu na sa'o'i masu yawa. Tsohon faifan da ke lallaɓawa, a nan yake faɗuwa. Idan kuma wuta ta ɗauke a tsakiya babu UPS mai rai, an shiga wani babin.

Saboda haka tsari ya fi sauri muhimmanci. Muddin na'urar na iya buɗe bayanai, abu na farko shi ne a kwafe su zuwa wani faifan waje, kafin a taɓa sukundireba. RAID ba kwafin ajiya ba ce, ko da mai sayarwa ya ce haka. Bayan nan a ɗauki hoton lambobin SMART da rahoton katin da waya. A kashe na'ura ta hanyar da ta dace, a zare wayar wuta daga bango, duka biyun idan akwatin wutarta biyu ne, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. A ɗauki hoton cikin akwatin yadda yake. A manna salatif a rubuta lamba a kan kowane faifai da kowace waya, domin bayan minti ashirin ba wanda ke tuna wacce ta fito daga ina.

A hunturu akwai ƙarin hatsari. Tartsatsin nan da ke ɗan harbin yatsa idan an taɓa ƙofar mota ko an yaye bargo da dare, shi kansa ya isa ya ƙona wani abu a kan allo ba tare da an ga hayaƙi ba. Busasshiyar iska ce ke tara shi a jiki. Wanda ba shi da abin ɗaurawa a wuyan hannu na sauke shi, ya riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa allo, ya riƙe kati ta gefe, ya kuma guji yin aikin a kan darduma ko kafet.

Sai a zare wayar gaba ɗaya, ba a danna ta kawai ba. A duba bakin da fitila: ko roba ta tsage, ko wani haƙori ya lanƙwashe ko ya yi baƙi. A hure ƙura da bulowa, ba da baki ba, domin numfashi na ɗauke da laima. A mayar har a ji ta zauna, a duka ɓangarorin biyu, na faifai da na allo. A duba ta wuta ita ma, musamman idan an yi amfani da 'yar wayar nan mai raba wuta gida biyu ko mai sauya tsohon baki mai haƙora huɗu zuwa SATA. Masu arha daga cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen narkewa har da kama wuta. Wayar da aka naɗe ta yi kwana mai kaifi, ko aka ɗaure ta tamau har tana jan soket, ko murfin akwati ke danne ta, a sake mata hanya. Idan faifan a cikin aljihunsa yake, irin wanda ake turawa ta gaba, a tabbata an ɗaure shi a ramukan da suka dace, domin aljihun da aka ɗaure faifai a baya kaɗan yakan rufe ƙas alhali haƙoran ba su shige sosai ba.

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya waya da soket da faifai a tashi guda, ko na'ura ta tashi bai san me ya gyara ba, kuma ba zai san abin yi ba idan ta sake. A fara da sabuwar waya a soket ɗin da. Idan matsalar ta tsaya, an gano. Idan ba ta tsaya ba, a koma wani soket. Idan duk inda aka kai faifan matsalar na biye da shi, sai a lokacin ne ya cancanci zargi.

Wata gaɓa da ta cinye bayanan mutane da yawa: bayan an maido da faifan da suka ɓace, katin PERC na Dell da danginsa sukan ce sun ga "baƙon tsari" a kansu, su ba da zaɓi biyu, a shigo da shi ko a share. Idan faifai da yawa ne suka fita tare har rumbun ya rufe, shigowa ce ke maido da shi. Sharewa na goge taswirar da ke nuna yadda aka jera bayanan. Wanda bai tabbata ba, ya ɗauki hoton allon ya tambayi wanda ya sani kafin ya danna komai. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Inda gizo ke saƙar

Duk abin da aka lissafa a sama ba sirri ba ne, kuma matasan da ke gyaran kwamfuta a Tambuwal da Sakkwato da Jega ba su gaza fahimtarsa ba. Matsalar ita ce ba a biyan sa. Mai gyaran da ya hau mota ya zo, ya yi awa biyu yana karanta rahoto, ya gano waya ce, ya gyara, idan ya faɗi kuɗinsa sai a ce, "Don ɗan wannan abin da ka taɓa?" Wanda kuwa ya ce faifai ya mutu, ya karɓi kuɗin sabo, ya ɗora ribarsa, ya zo ya sa, shi ake gani ya yi aiki. Abin dariyar ma, wajen sa sabon faifan dole ya zare wayar ya mayar, saboda haka matsalar takan tafi, kowa ya gamsu cewa faifai ne. Idan wayar ce ta lalace ba saki kawai ta yi ba, bayan wata biyu sabon ma ya "mutu", a ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Mai makaranta ko shugaban asibiti ko mai shago shi ya kamata ya karya wannan al'ada, don aljihunsa ne ke zuba. Ya ware kuɗin bincike daban da kuɗin kaya, ya biya shi da daɗin rai ko da ba a sauya komai ba. A madadin haka ya nemi hujja: hoton lambobin SMART kafin a taɓa komai, da bayanin wacce ce ta nuna faifai ne. Ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya tambayi abin da lamba 5 da 197 da 199 ke nunawa. Mai gyaran kirki zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma wani abin da ba a cika tunawa ba. Faifan da aka ce ya mutu, ina yake zuwa? Sau da yawa mai gyara ke tafiya da shi, ko a jefa shi a kwali har wani ya ɗauka. Idan lafiyarsa ƙalau, to yana fita ne da sunayen ɗalibai, da lambobin NIN, da sakamakon gwajin jinin mutanen da kowa ya san su a gari, kuma zai iya ƙarewa a teburin mai sayar da kayan hannu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan wanda ya tara su. Ko babu doka, a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, fitar sirrin rashin lafiyar mutum ɗaya ya fi kuɗin faifai goma tsada. Tsohon faifai ba ya barin harabar sai an goge shi gaba ɗaya ko an fasa shi a gaban mai shi.

Wasu za su ce duk wannan wahalar tsohon yayi ce, a mayar da komai kan intanet a huta. Kwafi a can abu ne mai kyau, kuma duk mai iko ya yi. Amma mutanen jihar nan ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro, ko ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Wurin da sabis ke zuwa yana tafiya, na'urar da ke cikin ɗaki za ta daɗe tana da aiki, kuma dole wani ya san cikinta.

Abin da wannan ke buƙata bai kai kuɗin faifai ɗaya ba: wayoyin SATA biyu ko uku masu maƙallin ƙarfe a ajiye a aljihun tebur, waya ɗaya ta katin RAID daidai da irin ta na'urar idan akwai, a sayo ta tun ranar da aka sayi sabar, domin ita ce ba za a samu a kusa ba ranar da ake nema. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a nisanta ta da bangon janareta. A buɗe ta a share sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma ƙarshen damina, a bi wayoyin. A ajiye ɗan littafi kusa da ita, duk wanda ya taɓa ta ya rubuta rana da abin da ya yi da adadin da lamba 199 ke nunawa a kowane faifai.

Bayan an gyara waya, a bar na'urar ta yi mako guda tana aikinta na kullum, da zafin rana da sauyin wuta da komai, sannan a sake duba lambar. Idan tana nan inda aka bar ta, an gama. Idan ta ƙaru, saura soket ɗin allo da allon bayan faifai da akwatin wuta, kuma su za a bi ɗaya bayan ɗaya kafin a aika kowa Sakkwato.